Awa Huɗu Zuwa Hartum

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Kaura Namoda, ran Asabar.

Zuwa ga Maigidana, mai sunan Malam.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Baffanka Usman da mutanen gidansa duka. Ina gajiyar hawa da sauka a ofisoshin Gusau? Allah Ya sa an gama buga duk hatimin da za a buga. Allah Ya tsare mini kai a ƙasa, Ya tsare ka a sama, Ya tsare ka a inda babu wanda ya san sunan kakanka.

Ka yi haƙuri da rubutun. Na yaƙi da jahilci ne, kuma an tashi yaƙin ba a san wanda ya ci ba. Inda ka ga layi ya gangara, tabarau ne ya tsufa, ba ni ba.

Ran da ka zo ka zauna kan tabarmata ka shanye mini fura, ka ce gwamnati za ta tura ku Sudan karatun shari'a, na yi murna har na rangaɗa guɗa, abin da rabona da shi tun auren autata. Tun da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jiharmu nake jin ana cewa za a ga canji, sai ga shi ya shigo har ɗakina: mijina zai zama alƙali. Na ce to, duk wadda ta taɓa ni a unguwar nan ta shiga uku. Sai na tambaye ka yaushe za ka Birnin Tsaba ka yi sallama da ubanka. Ka sunkuyar da kai kana wasa da ludayi, ka ce lokaci ya ƙure, za ka aika masa da saƙo. Ka ƙara da cewa, "Hajiya, daga Kano zuwa Hartum fa awa huɗu ne a jirgi. Hutun farko zan dawo, sai mu zauna da shi."

Na yi shiru ran nan don akwai baƙi a tsakar gida. Ka san ba halina ba ne. Shirun ya yi kwana tara yana cina, shi ya sa na ɗauki biro.

Mu daina ɓoye-ɓoye, na san abin da ya hana ka. Da damina ubanka ya kira gayya, samarin gari suka fito da galmarsu za a yi masa huɗa, Bawa makaɗi, abokinsa tun na ƙuruciya, ya rataya gangar noma yana bin su yana zuga su. Kai kuma ka zo hutu da karatu sabo a kai, yana tafasa. Ka ratsa gona ka tsaya gaban mutum fiye da talatin, ka ce wa ubanka wannan ba ya halatta, a sallami makaɗin. An gaya mini ubanka ya dube ka, ya ajiye galma, ya je ya yi wa Bawa magana a kunne, Bawa ya sauke ganga ya tafi. Aka ci gaba da aiki shiru kamar ana haƙan kabari. Kafin azahar samari suka fara zamewa ɗaya ɗaya, aka bar rabin gona, ya ƙarasa ta shi kaɗai cikin kwana shida. Tun ran nan ba ka sake taka garin ba, shi kuma bai aiko ya ce komai ba.

Ko kiɗan noma ya halatta ko bai halatta ba, ban sani ba, kai ne za ka je ka karanto mana. Ni ma na yi murna da Shari'ar nan, ran da aka ƙaddamar da ita har waina na raba. Amma na zauna da malami shekara arba'in ina satar karatu ta bayan zana, ban taɓa jin babin da ya ce a gyara wa uba a gaban gayyarsa ba. Kakanka, wanda ka ci sunansa ba ka ci halinsa ba, in zai yi wa mutum gyara sai ya raka shi har bakin hanya, su biyu, ya faɗa masa yana kallon ƙasa.

To, ban ɗauki biro don in yi maka faɗa ba. Ba ni da bakin yi, don duk abin da ka yi na riga ka, har na ninka. Zauna ka ji.

Maganar awa huɗu na bincika. Na tambayi wani Alhaji da ya taɓa bin hanyar, ya ce gaskiyarka, huɗu ne, ko da ɗan ɗori in an tsaya Chadi. Ba ka yi ƙarya ba. Sai dai hanyar nan na san ta tun kafin a haifi ubanka, kuma ba a awa aka fara auna mini ita ba.

Ina 'yar shekara goma sha biyu, a Jangeru, mijin Yayata Hansatu, Malam Isa, ya ɗaura niyyar Makka a ƙasa. A lokacin ba a cewa mutum zai je hajji, sai a ce zai yi gabas. Mai yin gabas kuwa ba ya tashi haka nan. Sai ya yi wata guda yana yawon sallama, gida gida, ƙauye ƙauye, har wanda suka taɓa cacar baki a bakin rijiya sai ya nemo shi ya ce mu yafi juna. Mata su raba kayan ɗakinsu, a ba da kiwon akuya, mutum ya faɗi wasiyyarsa gaban shaidu yana tsaye da ƙafafunsa. Kowa ya san hanyar da baki: Barno, Wadai, Darfur, sannan kogi, sannan teku. Wasu shekara biyar, wasu goma, wasu har yau ana jira.

Inna ta kwana uku tana haɗa musu guzuri. Ta yi dakuwa cike da babbar ƙwarya, ta rufe da faifai ta ɗora a ragaya. Ni kuwa Allah Ya yi ni da dogon hannu. Duk wucewa sai in ɗauki ɗaya in gyara sauran yadda ba za a gane ba. Ɗaya ɗaya dai, har gindin ƙwarya ya fara leƙowa. Ana gobe tafiya Yaya ta kama ni dumu-dumu, baki cike. Ba ta doke ni ba, da ma dukan ta yi. Sai ta ja ni tsakar gida gaban ƙawayena da suka zo taya daka, ta ce su zo su ga ɓeran gidanmu, ga gari nan har a gashin bakinsa. Aka yi ta dariya. Kafin la'asar duk unguwa Ɓera ake kirana.

Da safe aka ɗaure wa jakuna kaya. Na ji ana ina Kulu, a kira Kulu. Ni kuwa na hau tsani na faɗa rumbun Baba, na zauna kan damman gero ina huci. Ina ji ta bi kowa ɗaya bayan ɗaya, har makahon maƙwabcinmu. Sannan na ji takunta ya zo ya tsaya daidai gindin rumbu. Ta yi magana a hankali, yadda ba wanda zai ji sai ni.

"Kulu, ki fito mu yafi juna. Hanya da nisa."

Na cusa bakin zane a bakina. Ta daɗe a tsaye. Malam Isa ya yi gyaran murya daga ƙofar gida, ya ce rana na yi. Na ji takunta ya koma. A raina cewa nake, bari ta dawo, sai ta roƙe ni sau uku kafin in kula ta. Ka ji, hutun farko ni ma nake jira.

Bayan shekara tara, na yi aure nan Kaura, na je Jangeru da goyon Baffanka Usman, sai ga wani tsoho mutumin Shinkafi ya dawo daga gabas, ƙafafunsa duk faso. Ya ce ya baro su a Sudan, wani ƙauyen Hausawa a bakin kogi, suna aikin auduga. Shekara uku suka yi kafin su kai can. Malam Isa ya rasu, ta sake aure, tana da 'ya'ya masu jin Larabci. Ya miƙa wa Inna 'yar kwalbar turare. Sannan ya ce akwai saƙon wata Kulu, ya yi ta maimaita shi a hanya don kada ya manta, ko da yake bai gane kansa ba: wai a ce wa Ɓera ta fito daga rumbu haka nan, zafi zai kashe ta.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta juye. Inna ta karɓi yaron daga bayana ta bar ni.

Kana tsammanin na mayar da amsa? Duk rani masu yin gabas suna bi ta Shinkafi, kalma biyu kawai zan ba ɗayansu. Sai na ce ba zan aika da baki tsura ba, sai na sami abin kirki na haɗa. Bana in ce sai na saƙa mata faifai mai ado, baɗi in ce faifai ya yi kaɗan, sai zane. Ina nan ina neman abin kirki har aka daina tafiya a ƙasa, babu sauran mai ɗaukar saƙo. Saboda haka, Maigida, in kana jiran sai ka dawo da digiri da kyakkyawar magana da tsaraba sannan ka tunkari ubanka, ni na riga na gwada wannan dabarar. Neman gafara ba ya son ado. Yadda yake ɗin nan, tsirara, haka ake kai shi.

Za ka ce ai wancan nisa ne na gaske, naka kusa ne. To ji na biyu, shi gajere ne don ba na son daɗewa a kansa.

Farkon zuwana Kaura, zuwa Jangeru kwana biyu ne a ƙasa, a kwana a hanya gidan wasu Fulani da suka saba da mu. Duk da haka ba kakar da ke wucewa ban je na ga Inna ba. Sai in yi wata ina shiri, in ƙulla daddawa, in ƙulla gishiri, in goya yaro in kama hanya. Garin nan kuwa lokacin yana tashe. Jirgin ƙasa nan yake ƙarewa, in ya yi kuka duk gari ya san ƙarfe nawa, buhunan gyaɗa jibge a tasha sun fi soro tsawo, mu matan aure muna leƙen fasinja ta ramin zana. Sai aka fara samun lori ran kasuwar Shinkafi. Tafiyar kwana biyu ta koma ta rabin yini. Ka san abin da ya faru? Na yi shekara biyu ban je ba. Abin da ke nan kusa, me ake gaggawa? Wannan kasuwar yaro na zazzaɓi, waccan Malam na da baƙi, sai kasuwa mai zuwa. Lorin da kullum nake cewa zan hau, ita ta kawo wanda ya zo faɗin rasuwar Inna. Ran nan na hau ta, kuma gaskiya ne, rabin yini ne.

Nisa ba ya yaudarar mutum, don in ka gan shi sai ka shirya masa. Kusa ce munafuka. Ita ke cewa zauna, ai gobe ma rana ce.

Na uku ya shafe ka, don kan ubanka ne, kuma ban taɓa gaya wa jika ko ɗaya ba.

Ka san gidanmu gidan allo ne. Yayyensa duk suka sauke Alƙur'ani da wuri, suka shiga boko, wannan malamin makaranta, wancan ma'aikacin ofis. Ubanka Garba kuwa ya yi shekara biyu a izu ɗaya. Amma ka ba shi akuya mai zawo, kwana uku ta tashi. Ya ɗebi ƙasa ya murza a hannu ya gaya maka abin da za ta yi. Ni ban ga wannan ba, allo kawai nake gani. Ran walimar saukar Usman, gida cike da mata, yana rarraba musu kwanukan tuwo, wata ta nuna shi ta ce wannan fa, yaushe za mu zo tasa? Sai bakin nan nawa, wanda ka sani, ya riga hankalina. Na ce wannan ai sai dai ya sauke dami daga kan jaki. Mata suka kwashe da dariya, har da masu tafawa. Na ji daɗin kaina, na yi magana mai gishiri.

Ya ajiye kwanon da ke hannunsa a hankali, bai zubar da ko ɗigon miya ba, ya fita. Shekararsa goma. Da damina ta faɗi ya roƙi Malam ya bar shi ya je Birnin Tsaba wurin ƙanen Malam ya taya shi noma. Tafiyar ke nan. Bai taɓa ɗaga maganar ba, bai taɓa fasa gaishe ni ba, kuma tun da ya mallaki gonar kansa geron farko ƙofata yake sauka. Shi ka ci a ɗakin nan bayan rasuwar uwarka, Allah Ya jiƙanta, har ka yi ƙarfin da za ka ratsa gona ka yi wa'azi.

Ni da aka yi wa dariya a tsakar gida na shiga rumbu, ni ce na sa aka yi wa ɗana. Kai kuma ka zo ka maimaita masa. Abin ya bi jini ke nan, daga wajena ka gado, kada ka nemi wani.

Shekara goma sha biyar ina ganin shirunsa ina cewa ai ya manta, yaro ne. Sai da Allah Ya kira mu hajji ni da Malam. Lokacin an koma jirgin sama, mutane sun fara barin yawon sallama, wai wata guda ne a dawo. Malam ya ce shi bai san wannan ba, duk wanda zai yi gabas sai ya nemi gafara, ko a kan tsuntsu zai tafi. Na bi dangi kaf, na bar Birnin Tsaba ƙarshe don ita nake tsoro. Kaka ce, na same shi a gona yana ɗaurin dami, kai kana nan ƙarƙashin wata ƙirya tsirara kana cin ƙasa, alƙali guda. Na tsaya na faɗi abin da na yi, na ambaci ranar, na ambaci maganar yadda na faɗe ta, ban rage ba. Bai daina ɗauri ba. Da ya ƙulle igiya sai ya tambaye ni ko na ci abinci. Na ce ba abinci ya kawo ni ba. Sai ya ce, "Inna, ni ban riƙe ki ba. Amma na ji daɗi da kika zo."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya ɗauki ƙunshina ya raka ni bakin hanya, yana gaba ina baya, sai na ga ya cire hula yana ta share fuska, alhali ranar ba wani zafi. Ashe bai manta ba. Mai shiru ba ya mantuwa, ajiya yake yi, kuma ba ya zuwa ya ce zo ka karɓi kayanka.

Yanzu bari in ba ka labarin jirgin, don kada ka ɗauka kai ne na farko a gidan nan da zai hau sama.

Daga Kano muka tashi da hantsi. An ba ni kujerar taga, na ce Allah Ya kiyaye, na musanya da wata mata 'yar Zurmi, ƙatuwa, mai ƙarfin hali. Da jirgin ya ɗaga na karanta duk abin da na sani, har da wanda ba a karantawa a tafiya. Can hankalina ya kwanta, aka kawo abinci a ɗan faranti, komai a ƙunshe kamar laya. Ina kokawa da wani ɗan ƙunshi da ya ƙi buɗuwa, sai malamin da ke jagorantarmu ya miƙe ya ce, jama'a, yanzu muna saman ƙasar Sudan.

Ban san lokacin da na haye kan matar nan ba. Na manna fuska a gilashi. Ba komai sai jar ƙasa shimfiɗe, da gajimare guntu-guntu, can kuma wani abu siriri kamar zare, aka ce kogi ne. Tafiyar da ta ci wa Yaya shekara uku da miji guda, na yi ta tsakanin hantsi da azahar, da cokalin roba a hannu. Na ce wa gilashin, Yaya, na fito, mu yafi juna. 'Yar Zurmi ta ce in koma mazaunina don Allah, zan karkata musu jirgi. Kafin in gyara zama malamin ya ce an fara hango teku.

A Makka na bi Hausawan da ke zaune can, masu sayar da abinci a bakin hanya, ina tambaya. Rana ta huɗu na dace da wata tsohuwa da ta zauna ƙauyen nan na bakin kogi. Ta san Hansatu 'yar Jangeru, mai wushirya, mai tsokana. Ta ce damina biyu ke nan da rasuwarta.

Ba na aike ka neman kabari ba, kada ka ɓata lokacin karatunka. Ita ta yafe tun daga saƙon rumbu, na sani. Ni ce ban samu na faɗa mata a kunne ba, kuma wannan ba jirgin da zai kai ni. Jirgi hanya yake naɗewa, ba ya ƙara wa kowa kwana. Ba kuma ina yi wa ubanka fatan wani abu ba ne, lafiyarsa ƙalau, in kokawa ce zai kayar da kai sau biyu kafin ka tuɓe agogo. Abin da nake tsoro shi ne hutun farko ya zo ka ce sai na biyu, ka dawo da gemu da Larabci, maganar ta yi tauri kamar tuwon jiya, ku koma gaisuwar Sallah kawai har ɗayanku ya tafi. Na ga gidajen da aka yi haka, ba a faɗa, ba a shiri.

In za ka, ga yadda za ka yi, tunda na riga ka bin hanyar. Ka je da safe, kai kaɗai, ban da abokan nan naka masu ɗangalallen wando. Kada ka sa babbar riga. Kada ka ɗauki littafi ko ɗaya, ba muhawara za ka ba, ko kana da gaskiya a kan gangar ka bar ta a Gusau ta jira ka. Yanzu kaka ce, a gona za ka same shi. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka faɗi abin da ka yi da sunansa, ban da "in na yi kuskure", don ka san ka yi. Ba zai dube ka ba. In yana ɗauri, kama masa igiya. In ya tambaye ka ko ka ci abinci, to an gama, kada ka tsaya jiran wata doguwar magana, ba ya da ita. Ka ci abin da aka ba ka, ka side kwano. Kafin ka bar gari ka biya ta gidan Bawa ka gaishe shi, tsoho ne, ya goya ka.

In ka isa can kuma, ka ci abincinsu ko bai yi maka ba, kada ka ce komai sai tuwo. Ka riƙa rubuto takarda ko layi uku ne, kada ka jira sai ka sami labari mai daɗi. Wanda ka ɓata wa da safe kada la'asar ta same ku a haka. In ka ga Hausawan can masu Hausa a karkace, ka gaishe su da kyau, wataƙila jininka ne.

Saura magana ɗaya, ka gyara zama.

Jakar ledar nan da ka ba ni ajiya, ka ce in sa a ƙasan adaka don yaran gidan Baffanka ba sa barin takarda, mai fasfo da katin allura a ciki, ba ta Kaura. Ran Alhamis na shiga motar mata zuwa Zurmi, tunda yanzu an hana mu hawa bayan ɗan kabu-kabu, daga can na sami a-kori-kura mai zuwa Birnin Tsaba, na zauna kan buhun wani har ƙuguna ya ƙage. Na kai wa ubanka. Na gaya masa ko mene ne, na ce in babu wannan ko Sarkin Makka ne ya aiko ba za ka hau jirgi ba. Na ce ajiya ce, kada ya ba kowa sai mai ita, hannu da hannu. Duk hanya ina yaba wa kaina, na ce yau na kama ɓera da tarkon ɓera.

Ya goge hannuwansa a riga kafin ya karɓa. Ya buɗe, ya daɗe yana kallon hotonka, ya ce ka rame. Ya tambayi nisan wurin, na ce awa huɗu a sama. Ya dubi gonar, ya ce wato kafin ya kai ƙarshen kunyoyin can ka isa. Ya tambaya ko ana sanyi can, na ce ban sani ba. Sannan ya miƙo mini jakar, ya ce in mayar maka kada ka makara. Na ce ƙafata ta gaji, ba na mayarwa.

Ya soka jakar a aljihun rigarsa. Can ya ce, "To, Inna, zan riƙe zuwa Laraba. In bai zo ba, ran Alhamis zan kai Kano da kaina, in ba wa Usman, tunda shi zai raka shi, ya miƙa masa. Ba sai ya gan ni ba. Ba na son ya zo don takarda."

Ka ji yadda ubanka ya rushe mini shiri. Na tsufa ina dabara, wanda na ce ba ya gane karatu ya kwance ta da magana uku. Saboda haka babu tarko, Maigida. Fasfonka zai same ka ko ka je ko ba ka je ba, jirginka na Juma'a ba zai bar ka ba. Da na so in ɓoye maka wannan don ka taho a guje, amma ya fi ni gaskiya, in ka zo don takarda ba ka zo ba.

Yau Asabar. Motar Zurmi na tashi daga tashar Kaura kullum da hantsi. Mutumin da bai taɓa wuce Gusau ba yana shirin zuwa Kano ya tsaya bayan mutane ya ga tashin jirginka daga nesa. Ko ka bar shi ya yi, ko ka riga shi.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sauke ka lafiya, Ya buɗe maka karatu, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Allah Ya sa ka yi hukunci da gaskiya da tausayi. Ya tsare gabanka da bayanka, Ya dawo mana da kai muna raye, in kuma ba mu gana ba, ni dai na yafe maka duniya da lahira, har furar da ka shanye. Kai ma ka yafe mini, da ajiyarka da na taɓa.

Wassalam.

Kakarka, uwargidanka,
Hajiya Kulu ta Jangeru